Tsakanin 'Yandoto da Kwatarkwashi: Bautar Iskoki a Ƙasar Hausa da Dalilin Jinkirin Gushewarta

Gabatarwa

Duk wanda ya baro Gusau ya ɗauki hanyar Tsafe, ba zai yi nisa ba dutsen Kwatarkwashi zai cika masa ido, gari na kwance a gindinsa. In ya ci gaba ya shiga ƙasar Tsafe zai iske 'Yandoto, garin da ya yi fice a fagen ilimi tun kafin jihadi. Tsakanin wuraren nan biyu mai tafiya a ƙasa ba ya kwana a hanya. Amma an ɗauki ƙarnoni ɗayansu yana tara masu allo da tawada daga sassan ƙasar Katsina da ma nesa da ita, ɗayan kuwa yana karɓar masu zuwa da dabbar yanka wurin Magiro, tsafin da ya fi kowane suna a wannan yanki. Da jihadi ya zo, garin malaman ne rundunar Muhammadu Bello ta ci wajen shekarar 1806, malamansa suka watse. Mutanen dutse kuwa suka bi, suka riƙa kai abin da aka ɗora musu, aka bar su da al'adarsu har ta ga zuwan Turawa.

Ɗalibin da ya fara jin wannan yakan ɗauka an yi tuntuɓe a labarin. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa babu tuntuɓe, kuma wanda ya gane dalilin hakan ya kama hanyar gane yadda tsohon addinin Hausawa ya rayu da yadda ya gushe. Za ta leƙa Kano, domin a can ne rubutu ya fi yawa. Za ta kuma leƙa wata al'umma mai nisa, wato Saƙaliba na gabashin Turai, waɗanda marubutan Musulmi na ƙarni na 10 suka bar mana bayaninsu.

Daga bakin wa muka ji?

Masu bautar iskoki ba su bar littafi ba. Ba su da nassi, ba su da mai wa'azi, kuma mafi yawan abin da suka sani sirri ne da uba ke bai wa ɗa a gaban tsafi. Saboda haka duk abin da ke hannunmu ta hannun wani ya biyo. Akwai malaman Musulunci, waɗanda suka ambaci waɗannan ayyuka domin su yi hani da su, mai hani kuwa ba ya tsayawa ya bayyana ma'anar abu a wurin mai shi. Akwai Turawa, irin su Tremearne da littafinsa kan bori na 1914, da Greenberg wanda ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939 ya fitar da nasa a 1946, da Kurt Krieger, Bajamushen da ya wallafa tarihin Zamfara a 1959. Waɗannan sun iske addinin ne bayan ya yi ɗaruruwan shekaru yana gogayya da Musulunci, har ma sunan littafin Greenberg tasirin Musulunci a kan addinin yake nufi. Sai kuma tarihin baka, wanda yau jikokin Maguzawa ke bayarwa, su kuwa galibinsu Musulmi ne, wasu na jin nauyin maganar, wasu na yi mata ado.

Misali ɗaya ya isa ya nuna irin taka-tsantsan da ake buƙata. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya ce Barbushe ba ya saukowa daga Dala sai a ranakun Idi biyu. Wane Idi ne a Kano kafin Bagauda? Marubucin Musulmi ne, ya auna shekarar arna da kalandar da ya sani. Ba ƙarya ya yi ba, amma ya fassara, kuma a kowace fassara akwai abin da ke zubewa a hanya.

Siffar bautar

Abu na farko da ya kamata a kawar shi ne zaton cewa Bamaguje bai san Allah ba. Waɗanda Greenberg ya zauna da su sun yarda Allah ne ya halicci komai, kuma da sunansa suke kiransa. Sai dai ba sa yi masa yanka, ba sa kai masa kuka kai tsaye, domin a ganinsu ya yi nisa da al'amuran gona da ciki da zazzaɓi. Waɗannan suna hannun iskoki. Mai karatun tafsiri zai tuna da uzurin da mushrikan Makka suka kawo a farkon Suratuz Zumar, cewa masu kusantarwa ne kawai suke nema, da kuma abin da Suratul Jinn ta faɗa game da mutanen da ke neman tsari wurin aljannu. Shirka ce ta wasiɗa, irin wadda Alƙur'ani ya fi yawan magana a kanta.

Iskokin suna da sunaye da halaye da mazauni. Akwai Inna, wadda ake ce wa Uwar Gona, akwai Kure, akwai Sarkin Rafi, akwai Gajimare wanda ake dangantawa da bakan gizo da shanye ruwan sama. Mazauninsu tsamiya ne da kuka da rijiya da suri da duwatsu, kuma an ce suna da birni nasu mai suna Jangare. Kowane yana da irin dabbar da yake karɓa da launinta, abin da yake so kuwa jini ne, naman mutane ke ci. A gida mai gida ne ke yanka a wurin da aka keɓe, ga iskan da zuriyar ta gada, kafin shuka da bayan an kai amfani rumbu. Mafarauta na da buɗin daji, inda ake buɗe lokacin farauta a kuma duba abin da shekara za ta zo da shi. Idan aka jera waɗannan lokuta za a ga kalandar noma ce tun daga farko har ƙarshe. Addini ne na mutumin da rayuwarsa ke rataye da ruwan wata huɗu.

Bori wani reshe ne, kuma bai kamata a cakuɗa shi da tsafin gida ba. Shi na hawa ne da girka da goge da garaya, neman magani ne mafi yawan abin da ke kai mutane gare shi, kuma a birane ya bunƙasa, cikin mutanen da ke kiran kansu Musulmi. Shaidar haka tana cikin jerin iskokinsa: akwai Ɗan Galadima, ɗan sarki mai kyauta da caca, akwai Malam Alhaji, tsohon malami mai tari da tasbaha. Addinin da ya yi wa malami gurbi cikin aljannunsa ya daɗe yana kallon malamai.

Sama da gida akwai tsafin ƙasa, wanda gari ko masarauta ke tsayawa a kansa, kuma a nan ne Kwatarkwashi ke shigowa. Magiro ba na gida ɗaya ba ne. Sunan ya bazu har cikin wasu al'ummomin da ke kudu da Zamfara, irin su Kamuku, inda aka san shi da alaƙa da kakanni da kuma tsananin sirri ga mata, sannan ya shiga jerin manyan iskokin bori. A Kwatarkwashi a da akwai bikin shekara-shekara na Baura, wanda aka fi tunawa da shi saboda kamun maiki a kan dutse. Yusufu Bala Usman, a littafinsa kan tarihin Katsina na 1981, ya nuna cewa sarautar Katsina, wadda wannan yanki ke ƙarƙashinta kafin jihadi, ta ginu ne a kan riƙe ɓangare biyu: cibiyoyin iskoki da cibiyoyin malamai. Sarki na buƙatar malami domin fatake da shari'a da wasiƙa, yana buƙatar mai tsafi domin manoma da maƙera da mafarauta. Wannan shi ya sa 'Yandoto da Kwatarkwashi suka iya zama maƙwabta. Inuwa ɗaya suke sha.

Itacen da aka sare sau uku

Tarihin Kano ya ba da hoton da ya fi kowane cika. Tsumburbura na da wani itace da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. A ranar bikin mutane kan taru a gindin Dala da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, shi kuma ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara. Abin lura shi ne yawan lokutan da littafin ya ba da labarin rushe wannan wuri. Sarki Tsamiya (1307–1343) ya fasa shi da ƙarfin yaƙi. A zamanin Yaji (1349–1385) Wangarawa suka zo daga Mali, aka tsai da salla, aka gina masallaci a wurin itacen, masu tsafi suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da shi. Bayan wannan duka, sai ga Muhammadu Rumfa (1463–1499) ana umartarsa ya sare itacen ya gina hasumiya a gurbinsa. Fiye da shekara ɗari ke nan ana sara, itacen na tohowa.

Abin da ya faru a tsakani ya bayyana dalili. Kanajeji (1390–1410), ɗan Yaji ne na cikinsa, wato ɗan sarkin da ya karɓi Wangarawa. Da Zazzau ta kore shi a fagen fama sai ya nemi shawara, aka ce masa ya mai da abin da ubansa da kakansa suka rushe. Ya mayar, ya koma yaƙi, ya yi nasara, kuma marubucin ya faɗi hakan bai ɓoye ba. Ba gardamar aƙida ce ta mai da Kanajeji ba, tsoro ne da buƙata. Muddin mutum na ganin ruwa da nasara da haihuwa suna hannun wani, to in ta ƙure can zai koma, ko da katangar wurin ta zama turɓaya.

Mafi ban tsoro a wannan littafi, a ganina, labarin Dirki ne. Tun zamanin Muhammadu Zaki (1582–1618) sarakunan Kano suna da wani abu da aka naɗe da fatu, ana yi masa yankan shanu idan ƙasa ta shiga wani hali. Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe, ya ƙi ba da shanun da aka nema, ya sa aka fasa shi da gatari. Abin da aka tarar a ciki Alƙur'ani ne. A nan ba arna ne suka ƙi Musulunci ba. Masu salla ne suka ɗauki Mus'hafi suka sa shi a gurbin tsafi, suka yi masa abin da ake yi wa tsafi. Wannan shi ne abin da malamai suka kira takhliɗi, wato cakuɗawa, kuma shi ne ainihin abin da littattafan jihadi suka yi ta fama da shi.

Saƙaliba: madubi daga nesa

Kada a ɗauka wannan hali na Hausawa ne su kaɗai. Larabawa na kiran kakannin Rashawa da mutanen Yukren da Foland da Sabiya da suna Saƙaliba, kuma labarinsu ya yi kama da namu ƙwarai. Su ma ba su rubuta addininsu ba. Abin da aka sani ya fito ne daga Rumawa, da malaman coci, da Musulmi. Ibnu Rusta, a farkon ƙarni na 10, ya ce mafi yawan shukarsu gero ne, kuma idan girbi ya yi sukan ɗebi geron a ludayi su ɗaga sama su gode wa ubangijin da ya ciyar da su. Da an cire sunan ƙasar, Bamaguje zai ce ƙauyensu ake nufi. Ahmad bin Fadlan, wanda ya je bakin kogin Volga a 922 cikin tawagar Halifa Muƙtadir, ya ga fataken Rus, mutanen da asalinsu ya fi karkata ga arewacin Turai amma suka cuɗanya da Saƙaliba har suka narke cikinsu. Ya ce ɗan kasuwa kan je gaban wani dogon gungume mai fuskar mutum da burodi da nama da albasa da madara da giya, ya roƙi a kawo masa mai saye. In ciniki ya yi kyau sai ya yi yanka ya ajiye nama a wurin, da dare karnuka su cinye, da safe ya ce an karɓa.

A shekarar 980 Vladimir, sarkin Kiyef, ya kafa gumaka a kan tudu kusa da fadarsa, babbansu Perun mai tsawa, na itace, da kan azurfa da gashin baki na zinariya. Littafin tarihinsu ya ce Musulmin Bulgar sun zo masa da kira zuwa Musulunci a 986, ya ƙi saboda hanin giya da wasu hukunce-hukunce. A 988 ya karɓi Kiristanci, ya sa aka ɗaure Perun a wutsiyar doki, mutum goma sha biyu na dukansa da sanduna, aka jefa shi a kogi, aka gina coci a kan tudun. Malaman coci ne suka rubuta wannan labari fiye da shekara ɗari bayan aukuwarsa, kamar yadda Musulmi ya rubuta labarin Barbushe. Sai kuma littafin nan nasu ya ba da labarin cewa a 1024, da yunwa ta faɗa wa ƙasar Suzdal, bokayen tsohon addini suka tashi jama'a ta bi su, haka kuma wajen 1071. Daga baya talakawa suka ɗauki tsawar Perun suka ba Annabi Ilyasu, suka ɗauki kiwon shanun gunkinsu Volos suka ba wani waliyyin coci mai suna kusa da nasa. Malamansu suka riƙa kokawa da abin da suka kira imani biyu. Kanajeji da Dirki ke nan cikin wata riga.

Shehu a Zamfara

Shehu Usmanu bin Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya san wannan ƙasa da idonsa. Ƙanensa Abdullahi ya faɗa a Tazyinul Waraƙat cewa sun yi kimanin shekara biyar a Zamfara suna kira, a ƙarshen shekarun 1780, kuma sun iske jahilci ya rinjayi mutanenta. A Nurul Albab Shehu ya kasa mutanen ƙasar Hausa uku: masu Musulunci tsantsa, da masu cakuɗawa, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba. Kashi na biyu ne ya fi tsayawa a kai, masu furta shahada suna yanka ga itatuwa da duwatsu, suna ajiye auduga a kan dutse ko mararraba, suna zuwa wurin masu duba. A nan yana bin sawun amsoshin da Almaghili ya bai wa Askiya Muhammadu na Songhai shekara ɗari uku kafin haka.

Amma wanda ya tsaya a nan bai karanta rabin Shehu ba. Shi ne kuma ya yi ta rubutu yana raddi ga ɗaliban ilmul kalam da ke kafirta talakawa saboda ba su iya jero hujjojin tauhidi yadda littafi ya jero su ba. Yana bambanta aikin da ke warware imani da jahilcin da ke buƙatar karantarwa. Inda iyakar take kuwa, manyan malamai sun yi saɓani a kai tun a lokacin. Muhammadul Amin Alkanemi na Barno ya rubuto wa shugabannin jihadi yana cewa abubuwan da ake zargin Barno da su, kamar zuwan sarakuna wasu wurare domin sadaka da fitar mata ba lulluɓi da cin hanci, saɓo ne da ake samu har a Masar da Sham, kuma saɓo ba ya mai da mutum kafiri. Bello ya amsa cewa yanka ga duwatsu da itatuwa da koguna ya wuce saɓo, sannan ya ƙara da cewa Barno ta taimaki sarakunan Haɓe a kan Musulmi. Ya kuma sa wasiƙun abokin gardamarsa cikin Infaƙul Maisur na 1812, abin da ya kamata a yaba masa, domin ba don haka ba da hujjar Alkanemi ba ta iso ga da yawa daga cikinmu ba.

Wannan hujja ta biyu, wato jiɓintar abokan gaba, ita ce ke warware tambayar da aka fara da ita. Ba a yaƙi 'Yandoto don tana tsafi ba. Malamanta sun tsaya tare da tsarin Katsina, sun ƙi jama'ar Shehu, sun takura wa masu goyon bayansa a cikinsu. Bello ya ce ya nemi su zauna a duba hujja suka ƙi ko ganinsa. Wannan riwayarsa ce, tasu ba ta iso mu ba, kuma Bala Usman ya nuna akwai abin dubawa a al'amarin. Cikin mutanen yankin da suka bi Shehu akwai Malam Sambo ɗan Ashafa, wanda ya kafa Gusau, kuma tarihin gidansa ya ratsa ta Rawayya. Abin da ya raba malaman garin guda biyu mas'ala ce ta biyayya da mulki.

Shi kuwa wanda bai taɓa shiga Musulunci ba, fiƙihu ya riga ya yi masa gurbi. Masana da yawa na ganin kalmar Maguzawa daga Majusu ta fito. Bukhari ya ruwaito cewa Sayyidina Umar bai karɓi jiziya daga Majusawa ba sai da Abdurrahman bin Auf ya shaida cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya karɓa daga Majusawan Hajar, kuma mashhurin mazhabar Malik shi ne ana karɓarta har daga masu bautar gumaka. Kalmar ta yi yawo mai nisa: da ita Musulmin Andalus suka kira arnan arewacin Turai da suka kai wa Ishbiliya hari a 844, dangin Rus ɗin nan na Ibnu Fadlan. Sanya wa manoman Hausa wannan suna ya ba su matsayi a shari'a. Suna biya, ana kare su, ba a tilasta musu barin addininsu. Daular da ke buƙatar hatsi da kwanciyar hankali a kan hanyar Sakkwato zuwa Zazzau ba ta da dalilin hawa dutse ta fasa abin da shari'a ba ta wajabta mata fasawa ba.

Yadda abin ya ja baya

Idan ba takobi ba ne, mene ne? Aikin Nana Asma'u (1793–1864) ya ba da amsa mafi kyau. A Gobir akwai sarautar Inna, 'yar gidan sarauta da ke shugabantar bori, kuma bayan jihadi ɗimbin matan da suka shigo gidajen Musulmi da ƙauyukan daula da wannan tarbiyya suka zo. Asma'u ta lura cewa macen da ke zuwa wurin bori tana neman abubuwa ne na gaske: magani, da jama'ar da za ta saurare ta, da babbar da za ta kai wa kuka. Sai ta kafa 'yan taru, ta naɗa jajis a ƙauyuka, ta ba kowace malfa, alamar da mata suka saba gani a kan shugabar bori, ta ɗora mata jan rawani. Ta ba su waƙoƙin karantarwa da Hausa da Fulfulde, ta kuma yi rubutu kan neman waraka ta hanyar Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata. Ta bar gurbin a inda yake, ta sauya abin da ke cikinsa. Bambancin wannan da Dirki shi ne a can an sa Littafi cikin fata an rufe, a nan an buɗe shi an karantar.

A karkara kuwa lokaci ne ya yi aikinsa. Zaman lafiya ya sauko da mutane daga kan duwatsu zuwa fili, kasuwar gyaɗa da auduga da layin dogo da ya iso Gusau a ƙarshen shekarun 1920 suka cuɗa su da baƙi, kuma wanda ke son ciniki da aure da mutunci a gari ya ga Musulunci ne harshen gari. Rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello a farkon shekarun 1960 ya shigar da ɗimbin Maguzawa, wannan yanki na cikin wuraren da ya taɓa, wasu kuma a wasu sassan suka shiga Kiristanci. Kwatarkwashi yau masarauta ce ta Musulmi kamar kowace a Zamfara. Sai dai ba a ce komai ya tafi ba. Bori na nan a ɓoye da sarari, kuma mai lura zai ga lokacin da ake komawa gare shi bai sauya ba tun zamanin Kanajeji: idan ciwo ya ƙi ji, idan haihuwa ta ƙi zuwa, idan tsoro ya rufe gari har mutane suka shiga neman maganin ƙarfe da layar ɓata. Mai wa'azin da ke son ya san inda aikinsa yake, a waɗannan wurare zai same shi.

Akwai shaida guda da ba ta biyo ta bakin kowa ba, ita kuwa mun yi sakaci da ita. A shekarun 1990 masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba suka tono mutum-mutumin yumɓu a kewayen Kwatarkwashi, masu kama da na Nok, aka fitar da su ƙasashen waje aka sayar. Wasu daga cikinmu sun ga abin bai shafe su ba tunda gumaka ne. Amma kiran su gumaka ma hukunci ne da ke buƙatar hujja, hujjar kuwa tana cikin ramin da aka ciro su: zurfinsa, da abin da ke kwance kusa da su, ko kabari ne ko ɗaki ko wurin yanka. Masu haƙar ba su rubuta ko ɗaya ba, suka mai da ƙasa suka wuce rami na gaba.